Janairu a ƙasar da ba taka ba: abin da ya faru a baya da shirin da sabon zuwa zai yi

Idan wannan ne Janairunka na farko a Kanada ko Amurka ko Turai, fara da daina yarda da rana. Za ka leƙa ta taga ka ga gari ya waye tar, sama babu ko ɗigon gajimare, ka ce yau da sauƙi. Sau da yawa irin wannan safiyar ce ta fi tsananin sanyi, domin gajimare ne ke tare ɗumin ƙasa da dare, in babu shi sai ɗumin ya tsere. Shi ya sa 'yan gari suke duba hasashen yanayi a waya kafin su sa takalmi.

Sun koyi haka ne da wuya. Ranar 12 ga Janairun 1888 gari ya waye da ɗan ɗumi a Nebraska da yankin Dakota na Amurka, bayan kwanaki ana fama da sanyi. Manoma suka fita gona, yara suka tafi makaranta, wasu ko rigar sanyi ta kirki ba su ɗauka ba. Kafin la'asar iska ta juyo daga arewa da dusar ƙanƙara mai laushi kamar gari, mutum ba ya ganin hannunsa in ya miƙa. Kusan mutum 235 suka rasu, da yawansu yara ne da suka kama hanyar gida. Malaman da suka rufe ƙofa suka kwana da ɗalibansu a aji, suna ƙona abin da ya samu don ɗumi, galibi sun fita da yaransu lafiya. Har gobe shawarar ba ta canza ba: inda guguwa ta same ka, in akwai rufi da bango, zauna nan.

A wayarka za ka ga lamba biyu, ta sanyin da na'ura ta auna da ta sanyin da jiki zai ji idan iska ta haɗu da shi. Ta biyun ita ce taka. Ranar 30 ga Janairun 2019 Shikago ta kai kusan -31 a ma'aunin Salshiyos, amma da iska jiki na jin abin da ya kai -45, har ma'aikatan gidan waya suka dakatar da raba wasiƙu. A irin wannan sanyi minti 5 zuwa 10 sun isa kunne ko hanci ko yatsa ya daskare. Alamar ita ce fata ta yi fari ko toka-toka, ta yi tauri, ka daina jin ta. Kada ka murza, kada ka kanga ta a wuta. Ruwa mai ɗumi za ka sa, ba mai zafi ba, sannan ka nemi likita. Wanda yake Amurka ya tuna Farenhait suke amfani da shi, kuma 32 a wurinsu shi ne sifili a Salshiyos. An sha ganin sabon zuwa ya ga 20 a allo, ya ɗauka Salshiyos ne, ya fita da riga ɗaya.

Amma abin da ya fi cancanta ka sani shi ne abin da ya faru a Kwibek da gabashin Ontariyo na Kanada a 1998. Daga 5 zuwa 10 ga Janairu aka yi ta ruwan sama, ruwa na gaske, amma da ya taɓa waya ko reshe ko titi sai ya daskare nan take. A kudancin Montiriyal kaurin ƙanƙarar ya kai kusan santimita 10. Manyan turakun ƙarfe na lantarki kusan 1,000 suka durƙushe, miliyoyin mutane suka shiga duhu, wasu garuruwan suka yi kusan wata guda babu wuta, aka fito da sojoji sama da 15,000. Sabon zuwa yakan ɗauka ɗauke wuta ba abin tsoro ba ne, haƙuri kawai za a yi. A ƙasar sanyi wuta ita ce ɗumin gida, ita ce murhu, ita ce lif na hawa bene, wani wurin har da ruwan famfo. In ta tafi, gida ya fara hucewa a hankali har ya kusa zama ɗaya da waje.

Sama da mutum 25 suka mutu a Kanada a waɗannan kwanaki, kuma ba duka sanyi ne ya kashe su ba. Wasu gobarar kyandir ce, wasu kuma iskar guba ce daga abin da suka kunna don su ji ɗumi. Ɗan'uwa, a nan nake so ka tsaya. Gidajen can a toshe suke ruf, taga gilashi biyu ne, ƙofa da roba a gefenta, iska ba ta shiga ba ta fita. Idan ka kunna gawayi a ciki, ko janareta a gareji, ko ka buɗe murhun gas ka bar shi yana ci don ya ɗumama falo, iskar kabon monoksaid za ta taru. Ba ta da wari, ba ta da launi. Sai ka ji kai na sara maka, jiri, tashin zuciya, barci na fizgar ka, matarka ma haka, yara ma haka, ku ce mura ce ta shigo gidan, ku kwanta. Duk ranar da mutanen gida suka ji haka a lokaci guda, ku fita waje tukuna, sannan ku kira 911 a Amurka da Kanada, 999 a Birtaniya, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai. Janareta wurinsa waje ne, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Ka tambayi mai gidan haya ko akwai na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iska, ka danna maɓallinta ka ji tana aiki. Hukumomin Kanada suna cewa kowane gida ya tanadi abin da zai riƙe shi awa 72: ruwan sha, abincin da ba ya buƙatar dahuwa, tocila da batir, barguna, magungunan da ake sha kullum. Ƙara da sanin inda makunnin ruwan gidan yake, domin bututu in ya daskare fashewa yake yi.

Kada kuma ka ce kai kudu kake, babu ruwanka. Dusar ƙanƙarar da ta sauka a Atlanta, a kudancin Amurka, ranar 28 ga Janairun 2014 ba ta kai inci 3 ba. Makarantu da ofisoshi suka sallami mutane lokaci ɗaya, tituna suka daskare, dubban yara suka kwana a makaranta, direbobi suka kwana a mota. Birnin da bai saba ba ya fi saurin tsayawa cak, kamar yadda Madrid, babban birnin Sifen, ta yi a Janairun 2021. Mai mota ya riƙa barin tanki sama da rabi, da bargo da ƙaramin shebur a but. In ka maƙale, duba salansa kafin ka kunna inji, ka share dusar da ta toshe ta, in ba haka ba iskar gubar nan za ta taru cikin motar. A guguwar Janairun 2016 a gabashin Amurka an samu waɗanda suka mutu cikin mota a ƙofar gida saboda wannan kaɗai.

A yammacin Turai iska da teku ne abin tsoro. Daren 31 ga Janairun 1953 Tekun Arewa ya fasa shingaye mutane na barci, ya ci mutum 1,836 a Holan da 307 a Ingila. An yi gargaɗi, amma gidajen rediyon Holan ba sa aiki da dare a lokacin, bai kai ga jama'a ba. Guguwar 25 ga Janairun 1990 da rana tsaka ta faɗa wa Birtaniya, mutane na kan hanya, ta kashe 47, da yawa bishiya ce ko ɓaraguzai suka faɗo musu. Yanzu gargaɗin a aljihunka yake, kala uku a Birtaniya: rawaya, ruwan goro, ja. Ja na nufin rai na cikin haɗari. Na san halin sabon ma'aikaci, yana tsoron a ce ya yi fashi, zai fita ko ana ruwan duwatsu. Tambayi shugabanka tun yau yadda ake yi ranar da aka sa ja ko jiragen ƙasa suka tsaya, kamar yadda aka tsayar da masu dogon zango a duk faɗin Jamus ranar 18 ga Janairun 2007.

Wanda ya sauka Ostireliya kuwa ya juya duk lissafin nan, domin Janairu a can tsakiyar zafi ne. Wutar daji ta shiga unguwannin Kanbera ranar 18 ga Janairun 2003 ta cinye gidaje kusan 500, ambaliya ta mamaye Birisben a Janairun 2011. Lambar gaggawa a can 000 ce. Akwai ranakun da ake hana kunna wuta a fili gaba ɗaya, har ta gasa nama da gawayi, kuma wanda ya karya dokar tara ce ko kotu.