Kurakuran da ɗaliban kwalejin fasahar lafiya suka fi yi

Kuskuren da ya fi cin mutane tun kafin a shiga aji yake faruwa: biyan kuɗi a makarantar da hukuma ba ta amince da ita ba. A Najeriya hukumar CHPRBN ce ke yi wa ma'aikatan lafiyar al'umma rajista, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe, ita ke ba da lasisi. In makaranta ba ta cikin jerinta, shekara 3 na CHEW (kwas ɗin ma'aikacin lafiyar al'umma) ko 2 na JCHEW (ƙaramin matakinsa) sun tafi a banza, ga kuɗin iyaye da aka zuba. Kada kyan gini da farar riga su ruɗe ka. Ka nemi a nuna maka shaidar amincewa ta kwas ɗin da kake so shi kansa, domin duba-gari, alal misali, hukumarsu daban ce. Kuma ko makarantar na da izini, akwai adadin ɗaliban da aka yarje mata. Wanda aka ɗauka bayan gurbi ya cika yakan rasa lambar rajistar hukuma, kuma ba zai zauna jarrabawa ba in ba shi da ita. Tun shekarar farko ka bi sawun lambarka.

Sakamakon WAEC ko NECO ma a gyara shi da wuri. In akwai giɓi a Turanci, Lissafi ko darussan kimiyya, ko sunanka ya bambanta daga takarda zuwa takarda, to a lokacin rajista zai dawo maka.

Wanda ya fi damuna shi ne ɗaukar karatun a matsayin gajeriyar hanyar zama likita. A ƙauye za a kira ka likita, kuma akwai daɗi. Daga nan ɗalibi yake ƙwallafa rai a kan allura da ƙarin ruwa, ya raina darasin tsaftar muhalli da na wayar da kai, alhali su ne zuciyar aikin. Littafin ƙa'idojin aikin, wato Standing Orders, ya shata maka iyaka: ga abin da za ka yi magani, ga inda za ka tura mara lafiya gaba. Mai ciki da ke zubar da jini, ko yaro mai jijjiga, taimakon farko za ka ba su ka tura su babban asibiti nan take. Riƙe su don kada a ce ba ka iya ba, wasa da rai ne.

Sai fita aikin koyo a unguwanni, wanda wasu ke sa hannu kawai su gudu. A can ne za ka koyi zagaya tef ɗin awo a damtsen yaro, ka ga ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, ka san tamowa ce mai tsanani. A can za ka saba duba firjin rigakafi safe da yamma, ka tabbata yana tsakanin digiri 2 da 8. Za ka kuma gane cewa uwar da ta kawo ɗanta allurar mako 6 ba lallai ta dawo ta mako 10 da 14 ba, sai in ka yi mata bayanin zazzaɓin da kan biyo baya, ka rubuta ranar dawowa a kati. Kafin ka shiga gida ko ɗaya, ka fara gaida mai unguwa da liman, ka faɗa musu abin da ya kawo ka.