Yadda za ka gane jabun jika goma kafin ta shiga aljihunka

Masu shago da masu tebur da ƴan canji, har da ku ƴan kabu-kabu masu amsar kuɗɗi cikin duhu, wanga bayani naku ne. Mai jabu ya san lokacinshi, ran Litinin ko Juma'a da kasuwar Maraɗi ta cika mutum biyar na kiran sunanka lokaci guda, ko bayan magariba an ɗauke kuran, nan ne zai miƙo maka jika goma a nannaɗe ya sayi abin dala ashirin ya ce Alhaji yi sauri da canji mota za ta tashi. In ka amsa to ka yi asara biyu, kayanka sun tafi canjinka na gaske ma ya bi su.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne kowace alama da ke jikin takardar kuɗɗi wani ne ya zamna ya ƙirƙiro ta, kuma mafi yawansu an yi musu rajista an ba mai su takardar mallakar fasaha. Dokar ita ce ka bayyana ma duniya yadda abinka ke aiki a rubuce, su kuma su hana kowa kwaikwayonka har shekara 20. Mu nan Nijar ofishin OAPI da ke Yawunde ne ke wanga aiki, yarjejeniyar Bangi ta 1977 ce ta kafa shi, yanzu ƙasashe 17 ne a ciki. Ke nan yadda ake yin alamomin ba wani ɓoyayyen asiri ba ne, mai jabu ma na iya karantawa. Abin da ba ya iya samu shi ne injinan da tawadar da takardar, don kamfanonin da ke yin su ba su saida ma kowa sai masu buga ma gwamnatoci kuɗɗi. Shi ya sa aikinshi duka na ido ne, ya yi abin da zai wuce a kallo guda cikin gaggawa. Kai kuma sai ka ƙi tsayawa a kallo guda, ka taɓa, ka ɗaga ma haske, ka karkata.

Fara da hannu tun kafin ka duba. Takardar sefa da auduga ake yin ta ba da itace ba irin ta fotokofi, tana da ƙarfi, in ka kaɗa ta kusa da kunne za ka ji ƙara mai kaifi, ta jabu kuwa ko ta yi santsi kamar an shafa mata kakin zuma ko ta yi laɓo-laɓo. Sannan ka bi da farce ko bakin yatsa kan manyan rubutun gaba, wajen sunan banki da lambar kuɗɗin, za ka ji tawadar ta taso tana da kaushi. Dalili, ana sassaƙa zanen ne cikin farantin ƙarfe a cika ramukan da tawada mai kauri sannan a danne takardar da nauyi mai tsanani har ta ciro tawadar ta zamna bisa kanta. Wani ɗan Italiya Gualtiero Giori shi ya fito da injin da ke buga launi da yawa ta wagga hanya a zubi guda, kamfanin da ya gaji aikinshi yana Lozan ta ƙasar Suwis har yanzu, kuma kuɗɗin ƙasashe da yawan gaske da injinansu ake buga su. Firinta ta cikin gari fesa tawada kawai take ko ta manna gari da zafi, shafe take fitowa. Amma a lura, tsohuwar takarda da ta sha hannun masu mai da masu nama kaushinta na raguwa, don haka rashin kaushi kaɗai bai isa ka kama wuyan rigar mutum ba, ka wuce gwaji na biyu.

Ɗaga ta sama ka sa haske a bayanta, rana ko fitilar waya, duk ɗaya. A farin wurin nan da babu zane hoto zai fito daga cikin takardar, shi ake ce ma hoton ruwa, tambarin BCEAO ne, babban bankin da ke fitar da sefa, kifin nan mai dogon baki kamar zarto wanda ke zane a gaban kowace takarda. Ba tawada ba ce, tun takardar na jiƙe a masana'anta anka sa wani wuri ya yi kauri wani ya yi siriri, sai haske ya riƙa ratsawa daban daban. Tsohuwar dabara ce ƙwarai, a garin Fabriyano na Italiya anka fara ta tun ƙarni na 13, kuma har gobe tana ba masu jabu wuya. Na gaske yana da inuwa mai shiga juna a hankali, duhu na narkewa cikin haske, kuma ta gaba da ta baya duk za ka gan shi. Mai jabu buga shi yake da tawada fara-fara ko ya shafa wani abu mai maiƙo, to shi wannan ko ka aje takardar bisa tebur ba haske kana ganin shi ɓaro-ɓaro, gefenshi a yanke. In ka ga hoton ruwa ya fito sarai alhali ba ka ɗaga ba, yi hankali.

Kana nan riƙe da ita a haske sai ka nemi zaren tsaro, layin da ya ratsa takardar daga sama har ƙasa. A cikin naman takardar yake, an saka shi tun wajen yi. Bankin Ingila ne ya fara sa zaren ƙarfe a shekarun 1940 lokacin yaƙin duniya na biyu, zamanin da Jamus ta Hitila ke buga jabun fam. Na jabu layi ne anka ja da tawada ko anka liƙa ɗan ƙyalli a sama, sa farce ka ɗan kankara gefenshi, in ya ɗago to magana ta ƙare.

Sai karkatawa, wadda ta fi amfani ga jika biyar da jika goma don su ke da ƙyallin nan mai walƙiya a gaba, kuma dama su masu jabu sunka fi bi, wa zai ɓata tawadarshi a kan ɗari. Juya takardar a hankali gaba da baya, launukan cikin ƙyallin su riƙa gudu suna canzawa, zanen da ke ciki ya fito ya ɓace. Babu launi ko ɗaya a wurin a gaskiya, ƴan ramuka ne ƙanana da ido ba ya gani ke fasa haske, irin abin da kake gani a bayan faifan CD. Asalin ilimin na Dennis Gabor ne, ɗan Hangare da ya zamna Ingila, ya gano shi a 1947 anka ba shi kyautar Nobel a 1971. Mai jabu ledar ado ko takardar kwalin sigari yake mannawa, tana ƙyalli ƙwarai amma ƙyallin a tsaye yake, ba hoton da ke motsi ciki.

Ga wata dabara da ba ta buƙatar komi, ka aje takarda guda ta gaske mai ɗan sabunta ta kowane iri a cikin kes, wadda ka amso daga banki da hannunka. In ka yi shakka ka haɗa su baki da baki. Girman takardun sefa ba ɗaya ba ne, kowace ta fi ta ƙasa da ita, launi ma haka, ɗari ruwan lemu da dorina a baya, jika guda ja-ja da raƙuma, jika biyu shuɗiya da kifi, jika biyar tsanwa da barewa, jika goma shunayya da tsuntsaye. Manyan huɗun tun 2003 suke yawo, ta ɗari a 2012 ta shigo. Ka buɗe kyamarar waya ka jawo hoton kusa ka dubi ƙananan rubutu da siraran layuka, na gaske a tsaye suke tsaf, na firinta ɗigo-ɗigo ne sun cakuɗe. In kuma damin kuɗɗi anka kawo maka, misali cinikin buhunan wake ko na dabba, bi lambobin takardun ɗaya ɗaya, sau da yawa mai jabu takarda guda yake kwafa sai ka tarar da biyu ko uku lamba ɗaya. Kuma kar ka yarda da na sama da na ƙasa kawai, tsakiya ake cusa su.

Harafin da ke kusa da lamba kuwa kar ya ruɗe ka, na sha ganin ana gardama a kai. H na Nijar ne, A Kodibuwa, B Benin, C Burkina, D Mali, K Senegal, T Togo, S Gine Bisawu. Duk kuɗɗi ɗaya ne, takarda mai K tana ci a Tibiri kamar yadda mai H ke ci a Dakar.

To yanzu maganar bik ɗin gwada kuɗɗi, wanda mutane sunka ɗauka kamar shi ne alƙali. Ni dai ban yarda da shi shi kaɗai ba, kuma ga dalili. Abin da ke cikinshi aidin ne, dangin maganin nan da ake shafa ma ciwo, shi kuma aidin in ya gamu da sitati sai ya koma baƙi-baƙi mai shuɗi, gwada ɗiga shi bisa yankakken rogo ka gani. Takardar fotokofi akwai sitati cikinta, ta kuɗɗi babu, shi ke nan duk hikimar, a Amurka anka yi mata rajista a 1991. Watau bik ɗin tambaya guda yake amsawa, akwai sitati ko babu. Mai jabu da ya samu takarda marar sitati ya wuce, wanda ya wanke ƙaramar takarda ta gaske ya buga babbar lamba a kai shi ma ya wuce, an sha yin haka da dalar Amurka tunda duk girmansu ɗaya. Ta ɗaya gefen kuma, jika biyar ta halal da anka manta cikin aljihun shadda anka kai wanki anka sa mata sitati, bik zai ce jabu ce, ka ci mutuncin bawan Allah a banza. A kan naira ta leda kuwa, 5 da 10 da 20 da 50, ba ya da aikin yi sam, tunda ba takarda ba ce, roba ce irin wadda Ostareliya ta fara fitarwa a 1988.

Fitilar nan mai shuɗin haske ta fi bik, in za ka sayi abu guda ita za ka saya. Takardar rubutu ana zuba mata sinadarin ƙara fari, shi ya sa a ƙarƙashin fitilar take haskawa gaba ɗaya shuɗi fayau. Takardar kuɗɗi ba a sa mata, sai ta zamna duhu, wasu ƴan wurare kawai da anka yi da tawada ta musamman ke haskawa. Nan ma wanki na ɓata lissafi, don garin sabulu irin su Omo na da wanga sinadari, takardar gaske da ta sha wanki za ta iya haskawa. In ta haska, koma ga hoton ruwa da zare kafin ka yanke hukunci.

Injin ƙirga na ƴan canji da wuraren tura kuɗɗi shi kuma ido gare shi kala kala, wani na duba shuɗin hasken nan, wani na jin maganaɗisun da ke cikin tawada, wani na kallo da hasken da idon mutum ba ya gani, kowace takarda ta wuce sai ya auna abin da ya karanto da wanda anka zuba mishi a ƙwaƙwalwa, in sun saɓa ya tsaya ya yi kuka. Sai dai ba duka injina ke haka ba, akwai masu arha da ƙirga kawai sunka iya, kuma ƙurar Maraɗi in ta rufe idanun sai ya riƙa ƙin na gaske. A riƙa share shi, kuma ka tambayi mai saidawa ko an saita shi a kan sefa da naira ko kuwa dalar Amurka da yuro kawai ya sani. Irin wagga dabara ce ma ta sa manyan injinan fotokofi masu launi ke ƙin kwafar yuro, akwai wasu ƴan da'irori biyar-biyar da anka warwatsa cikin zanen, injin na ganin su sai ya ƙi aiki, wani masani Markus Kuhn ne ya tona abin a 2002.

Alhazai masu zuwa Dubai da Cana sayen kaya, takardar 100 ta dalar Amurka wadda ta fito a 2013 tana da shuɗin ƙyalle saƙe a tsakiya, in ka karkata ta sama da ƙasa hotunan ciki gefe da gefe za su yi, in ka karkata gefe su yi sama da ƙasa, lambar 100 ta kusurwar ƙasa kuma tana juyewa daga ruwan tagulla zuwa tsanwa. Kar a amshi dami a bakin mota ba a ga wanga motsi ba.

In ka kama jabu a hannun mai saye, ba lalle shi ne mai yi ba, wataƙila shi ma canji anka ba shi da ita a tasha, ka yi mishi magana a hankali ka nuna mishi abin da ka gani. In kuwa sai da dare wajen lissafi ka gano ta cikin kes, to ka sani banki ba ya musanya jabu, riƙe ta za su yi, kuma tura ma wani ita bayan ka san mi ce ce laifi ne a doka, gargaɗi ga masu jabu da masu taya su na nan rubuce jikin takardar da Faransanci. Komisariya ko banki za ka kai ta, ka faɗi ranar da kamannin wanda ya kawo in ka tuna. Takardar gaske da ta yage ko ta tsufa ita daban ce, wannan BCEAO na canza ta, kuma suna da reshe nan cikin Maraɗi, ka tafi da duka guntayen kar ka yar da ko ɗaya.