Yadda Ake Saƙa Ragar Lissafi da Gmsh

Ɗaliban injiniyanci na ATBU Bauchi, ku gwada manhajar Gmsh, kyauta ce. Tana saƙa ragar lissafi, wato tana rarraba zanen abu zuwa ƙananan gutsattsari domin kwamfuta ta yi lissafi a kansu.

1. Ku shigo da zanen a fayil ɗin STEP (nau'in fayil na zanen 3D), ku duba ko milimita ne ko mita.
2. Ku cire ƙananan ramukan da ba su shafi lissafi ba, ku toshe tsagogi. A nan aikin yake, domin 'yar tsaga tsakanin fuskoki biyu kan hana ragar ciki saƙuwa.
3. Ku sa wa fuskokin da za a ɗora wa nauyi suna.
4. Ku danna maɓallin 3 a kibod, Gmsh ta saƙa ragar.
5. Ku matse idon ragar a kusurwoyi kawai. Rage shi da rabi ko'ina kan ninka gutsattsarin kusan sau 8, kwamfuta ta sandare.
6. Ku maimaita matsewar har sakamakon lissafin ya daina sauyawa.