Yadda ake karanta gwajin jini idan an ce hanta ta tara kitse

An yi maka hoton ciki, an ce akwai kitse a hantarka, ga takardar gwajin jini a hannu. Fara da layin ALT da AST. Enzayim ne da ke aiki a cikin ƙwayoyin hanta, idan ƙwayoyin sun ji rauni sai su zubo cikin jini. Iyakarsu kan kasance wajen 40, amma ka bi wadda aka rubuta a gefen takardarka, domin ɗakunan gwaji sun bambanta.

Sai ka kwatanta su. A kitsen da ba na giya ba, yawanci ALT ke gaba. Idan AST ya ninka ALT sau 2, likita zai yi tambaya kan giya, musamman in GGT, wani enzayim na hanta, shi ma ya hau. AST yana cikin tsoka ma, don haka in ka yi motsa jiki mai tsanani kafin a ɗibi jinin, ka faɗa.

Abin da na fi so ka riƙe: ALT na iya zama daidai alhali hanta tana yin tabo. Kada lamba mai kyau ta sa ka ajiye maganar.

Daga nan duba sukari da kitsen jini, domin nan tushen yake. Idan jiki ya daina jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, yadda ya kamata, kitsen da ke ajiye, musamman na tumbi, yana kwararowa hanta, ita kuma tana ƙara juya sukari zuwa kitse. Fruktos, wani nau'in sukari da ke cikin lemon kwalba, yana cikin masu rura wannan. Kitse ya fi ƙarfin abin da take ƙonawa ko fitarwa, sai kumburi ya biyo.

Nemi likita ya lissafa maka FIB-4, lambar da ke kimanta haɗarin tabon hanta, daga shekarunka, AST, ALT da adadin filatilet (ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare). Ƙasa da 1.3, haɗarin tabo mai tsanani kaɗan ne; sama da 2.67, a tura ka wurin likitan hanta. Tsakani kuwa akan ƙara da FibroScan, gwajin na'ura mai auna taurin hanta. A gwada cutar hanta ta B da C.

Rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyinka yana sauke kumburin. Mai kilo 90 zai rage 6 zuwa 9, a hankali, sannan a maimaita gwajin bayan 'yan watanni.