Darasi na 14: Gina Ɗakin Ajiyar Tabar Siga

Duk wanda ya taɓa sayar da goro ya san rabin wannan darasi. Goro in ya sha iska sai ya yanƙwane, in ruwa ya yi masa yawa sai ya ruɓe. Shi ya sa ake rufe shi da ganyen fita a cikin huhu, ana yayyafa masa ruwa daidai gwargwado. Akwai wata taba mai irin wannan hali, sunanta siga. Masu sha'awarta a Amurka da Turai har ɗaki guda suke ware mata a gida, wanda mutum zai buɗe ƙofa ya shiga da ƙafarsa. Ɗakin suna ce masa humido.

Siga ba sigari ba ce. Sigari yankakkiyar taba ce a cikin takarda. Siga ganye ne zalla, hawa uku: na ciki, da wanda ya ɗaure na cikin, da lafiyayyen ganye na waje. Wadda ta fi suna ita ce ta ƙasar Kyuba, daga yankin Pinar del Rio a yammacin ƙasar. Ana yin ta kuma a Nikaragua da Honduras da Jamhuriyar Dominika. A gabashin Kamaru ma ana noma wani ganye da ake naɗe siga masu tsada da shi.

Bari mu faɗi gaskiya tun da wuri. Siga taba ce, kuma tana jawo ciwon daji a baki da maƙogwaro da huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara. Ba koyar da shanta muke yi ba. Abin da kafinta da magini za su ɗauka a nan shi ne dabarar riƙe danshi da sanyi a ɗaki ɗaya, rani da damina.

Lambobi biyu

Rubuta waɗannan a littafinka: 70 da 21.

Ta farko ita ce danshin iska, kashi 70 cikin 100. Wasu sun fi son 65, babu laifi. In danshi ya yi ƙasa sosai, ganyen waje ya tsage, ƙamshin ya gudu. In ya haura 75, fumfuna ta kama. Ta biyu ita ce zafi, digiri 21 a ma'aunin Salshiyas. A Amurka ma'auninsu daban ne, digiri 21 namu shi ne 70 a wurinsu, don haka za ka ji suna cewa saba'in da saba'in.

Me ya sa ake tsoron zafi? Akwai wani ɗan ƙwaro ja-ja-ja, bai fi ƙwayar riɗi girma ba, mai yin ƙwai a ganyen taba tun kafin a naɗe shi. Muddin da sanyi, ƙwan yana kwance. Da zarar zafi ya haura digiri 23 ko 24 ya daɗe a haka, sai ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta yi ta huda taba kamar an soka allura. Akwati guda mai siga 25, in ƙwaron ya shige shi, yana iya ɓata duk tabar da aka jera kusa da shi. Wanda ya ga yadda ƙwari ke yi wa wake a buhu ba ya bukatar dogon bayani.

Zaɓen wuri

A zaɓi ƙaramin ɗaki a tsakiyar gida, wanda rana ba ta dukan bangonsa. Kada ya kasance da taga. In akwai, a toshe. Kada ya haɗa bango da madafa, domin taba tana ɗaukar warin duk abin da ke kusa da ita, daddawa ce ko kalanzir.

Bango shi ne aikin

A nan masu gaggawa suke faɗuwa. Sai mutum ya ruga ya sayi na'urori masu tsada, bango kuwa ya bar shi yadda yake. Siminti da bulo suna shan danshi kamar yadda sabuwar randa ke shan ruwa. Na'ura tana hurawa, bango yana zuƙewa. Bayan 'yan watanni fenti ya kumbura, fumfuna ta yi baƙi a ɗakin da ke maƙwabtaka, mai gida ya dawo yana neman kafinta da faɗa.

Don haka bangon hawa uku ake yi. Da farko a manna allunan soso masu tauri, irin waɗanda ake sa wa ɗakin sanyi na masu kifi, kaurin inci 2. Su ne ke hana zafin waje shigowa. A kan soson a shimfiɗa leda mai kauri, bango huɗu da silin, ba a bar ko tafin hannu ba. Inda leda biyu suka haɗu, a ɗora ɗaya kan ɗaya kamar inci 6, a bi da salatif mai ƙarfi. Inda wayar lantarki ta ratsa, a toshe kewayenta. Leda ɗaya da ta huje ta isa ta mayar da aikin baya, saboda haka a duba ta da tocila kafin a rufe.

Sai a kafa siraran katakai a tsaye, a buga katakon ado a kansu. Ɗan filin da ya rage a baya yana barin iska ta zagaya.

Katakon da aka fi amfani da shi Turawa suna ce masa sidar Sifen. Sunan yaudara ne, ba daga Sifen yake ba. Asalinsa Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, kuma ɗan dangin maɗaci ne da darbejiya. A Ghana ma ana dasa shi a gandun daji. Amfaninsa: in danshi ya yi yawa ya tsotse, in ya ragu ya saki, ba ya saurin ruɓewa, kuma ƙwari ba sa son ƙamshinsa. A tabbata busasshe ne sarai, don ɗanyensa yana tsatso da ƙaro mai danƙo. Yana da tsada, shi ya sa wasu ke rufe bango da katakon mahogani, su bar sida don kantoci kawai.

Abu uku ba a yi wa wannan katako ta ciki: fenti, da man sheƙi, da gam mai wari. Ƙusa kuma a sa wadda ba ta tsatsa, ta baƙin ƙarfe za ta zubo jan hawaye a jikin katako. Ranar goge shi a rufe hanci, ƙurarsa tana sa tari.

Ƙasa a sa tayil. Ban da kafet. Ƙofa a zagaye ta da roba kamar ta firiji, har ƙasanta. Gwajinta da sauƙi: sa takarda a bakin ƙofa ka rufe, ka ja. In ta zare ba gardama, iska ma za ta wuce. Kantoci a yi su da tsaga-tsaga, kada su manne da bango. Ƙwan lantarki a sa irin na zamani wanda ba ya zafi.

Na'urori

Ana bukatar na'urar sanyaya ɗaki, da na'urar hura danshi, da 'yar ƙaramar fanka. Ga wata matsala da ya kamata ka sani: na'urar sanyi tana tatse ruwa daga iska, shi ne ruwan da kake gani yana ɗiga ta bututu a bayan gida. Wato ɗaya tana zubawa, ɗaya tana kwashewa. In aka sa babba a ƙaramin ɗaki, danshi zai yi ta hawa da sauka, ganye ya kumbura ya motse har ya fashe. A sa ƙarama, kuma kada iskarta ta doki kantoci kai tsaye.

Ruwan na'urar danshi ba na rijiya ba ne, ba na famfo ba. Tataccen ruwa ake sawa, wanda aka dafa aka tara tururinsa. Ruwan rijiya yana barin farar ƙura a kan kaya, yana toshe na'ura.

A wuri kamar Kano ko Maraɗi aikin ya fi wuya. Da hunturu danshi yakan faɗi ƙasa da 20, a watan Afrilu zafi ya haura 40, a Agusta kuma iska ta cika da laima har sai an rage. In wuta ba ta tsayawa, a yi lissafin sola da batura tun kafin a sayi katako ko ɗaya.

Gwajin gishiri

Ma'aunin danshi yakan yi ƙarya, ko da sabo ne. Ga yadda ake kama shi. Cika murfin kwalba da gishiri. Ɗiga ruwa kaɗan har ya jiƙe kamar yashin gini, kada ya narke. Sa murfin da ma'aunin a leda ɗaya, ka ɗaure tam, ka bar su su kwana. Da safe ya kamata ka ga 75. In ka ga 71, ma'auninka yana rage 4, kullum sai ka ƙara masa 4. A sa ma'auni biyu a ɗakin, ɗaya sama, ɗaya ƙasa.

In an gama, ba a zuba kaya nan take. Sabon katako da ƙishirwa yake zuwa, zai shanye danshin tabar kanta. A kunna na'urori a rufe ɗakin babu komai, mako ɗaya ko biyu, ana rubuta lambobin safe da yamma. Sai sun tsaya wuri ɗaya kwana da kwanaki.

Aikin gida

Wani ɗaki tsawonsa mita 2, faɗinsa mita 1.5, tsayinsa mita 2.4. Kewayensa mita 7 ke nan. Ninka 7 da 2.4, ka sami 16.8, shi ne faɗin bango huɗu. Silin 2 sau 1.5, wato 3. Haɗa su, 19.8. Cire ƙofa mai mita 0.9 da mita 2, wato 1.8. Saura murabba'in mita 18. Allo ɗaya mai ƙafa 4 da ƙafa 8 yana rufe kusan murabba'in mita 3. Allo nawa za ka saya, in ka ƙara ɗaya saboda ɓarnar yanka?

Yanzu auna ɗakin da kake ajiye hatsi ko kayan sana'a, ka yi masa irin wannan lissafi, ka zo da shi aji mako mai zuwa.