Ga masu firatikal ɗin Fiziks: ku fara gano fokas ɗin gilashi

Ɗalibai, kafin ku kunna akwatin haske, ku ɗaga gilashin nan mai tudu a tsakiya ku fuskanci taga, ku riƙa matso da farar takarda a bayansa har hoton wata bishiya mai nisa ya fito tas, a kife. Tazarar gilashi zuwa takarda ita ce f, wato nisan fokas, a ƙiyasce. Kada ku kuskura ku kalli rana ta cikinsa.

Ga amfanin wannan. Hoto ba zai taɓa sauka a kan allo ba sai tazarar abu (wato wayar giciye da ke gaban akwatin haske) zuwa allo ta kai 4f, wato f sau huɗu. Idan f santimita 15 ce, ana bukatar aƙalla 60. Da yawa suna ajiye allo a 50, su yi ta jan gilashi gaba da baya, su ce kayan ne suka lalace.

Ku auna u (tazarar abu zuwa gilashi) da v (tazarar gilashi zuwa allo) daga tsakiyar gilashi, ba daga bakin mariƙinsa ba. Nan ne rabin santimita ke salwanta. Wayar giciye, gilashi da allo su daidaita a tsayi ɗaya.

Ku gwada da 1/f = 1/u + 1/v: idan f 15 ce, u 25 za ta ba da v 37.5. In kun sami 45, ku sake aunawa.