Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a babin hanyoyin gudanar da bincike, da yadda za a gyara su

A yawancin jami'o'inmu babi na uku ake warewa domin bayyana hanyoyin da aka bi wajen gudanar da bincike, kuma shi ne babin da ɗalibai suka fi rainawa, alhali shi mai jarrabawa na waje yakan natsu a kansa idan yana so ya san ko sakamakon da ke babi na huɗu abin dogaro ne. Na daɗe ina duba kundayen digiri na biyu da na uku, har na gaji da yin jan biro a wurare iri ɗaya. Tushen matsalar kuwa guda ne: ɗalibi yakan ɗauko tsohon kundi daga ɗakin karatu na sashe ya kwafi tsarinsa, maimakon ya zauna ya faɗi abin da shi kansa ya yi da dalilin yin sa.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na zaɓen waɗanda za a yi wa tambayoyi. Kusan kowane kundi na fannin ilimi da na zamantakewa za ka tarar da lissafin Taro Yamane na 1967 ko jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, waɗanda ake fitar da yawan mutanen da za a tambaya da su. Ɗalibi zai ce mutanen da bincikensa ya shafa 1,000 ne, ya saka a lissafin Yamane da kuskuren kashi 5 cikin ɗari ya sami 286, ko ya duba jadawalin ya ga 278, sai ya ɗauka ya gama. Abin da bai lura da shi ba shi ne, waɗannan lissafe-lissafe an gina su ne bisa sharaɗin cewa za a zaɓi mutanen ta hanyar ƙuri'a, wato kowane mutum a cikin dubun nan yana da dama daidai da ta ɗan'uwansa ta shiga cikin waɗanda aka zaɓa. Ba a yin ƙuri'a sai da jerin sunaye. Saboda haka duk wanda ya rubuta cewa ya yi zaɓen ƙuri'a, tambayar farko da nake yi masa ita ce, ina jerin sunayen da ka zaɓa daga ciki?

Wannan tambaya ta taɓa rusa aikin wani ɗalibina mai hazaƙa a gaban idona. Ya yi bincike a kan 'yan kasuwa da yadda suke samun bashin jari, babinsa na uku tsaf, lissafi ya fita daidai. A ranar kare kundi mai jarrabawa ya tambaye shi yadda ya kai ga mutanen, sai ya amsa da gaskiya cewa yana shiga kasuwa da hantsi ya ba duk mai shagon da ya yarda ya saurare shi. Ke nan masu talla, da masu kasa kaya a ƙasa, da matan da ke sana'a a cikin gida suna aiko yara, da duk wanda ciniki ya hana shi sakewa, babu ko ɗaya a cikin alƙalumansa, ga shi kuma ya kammala da cewa "'yan kasuwar jihar" kaza da kaza. Aka ce ya koma fage. Kuɗin da ya tara domin aikin ya riga ya ƙare, ƙarin girman da yake jira a wurin aiki ya wuce shi, ni kuma na sake bin babi uku layi-layi tare da shi. Tun daga nan ba na sa hannu wani ɗalibi ya fita tattara bayanai sai ya ajiye mini jerin sunayen a kan tebur, ko ya rubuta mini dalla-dalla abin da zai yi a madadinsa.

Gyaran ba shi da wuya ga mai son gaskiya. Idan akwai rajista, kamar ta malaman makarantun firamare a hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ko ta 'yan ƙungiyar kasuwa, a ba kowane suna lamba, a fitar da lambobin ta ƙuri'a ko da Excel. Idan babu, a bi mataki-mataki: mai bincike a Jihar Kano, misali, zai iya yin ƙuri'a a kan ƙananan hukumomi 44, sannan mazaɓu, sannan unguwanni, sannan ya ƙayyade cewa kowane gida na biyar zai shiga, amma ya sani wannan tsari yana bukatar a ƙara yawan mutanen domin maƙwabta sukan yi kama da juna a ra'ayi da hali. In kuwa duk wannan ya gagara, ya rubuta a fili cewa waɗanda ya samu cikin sauƙi ya tambaya, ya cire lissafin Yamane, ya taƙaita hukuncinsa a kansu kaɗai. Wannan karɓaɓɓe ne. Haka nan adadin jama'a: ƙidayar ƙarshe a Nijeriya ta 2006 ce, don haka duk wanda ya kawo adadin mutanen wani gari na yau dole ya faɗi cewa hasashe ne, da inda ya samo shi.

Kuskure na biyu shi ma babba ne, kuma abin takaici ba a cika tanka shi ba. Ɗalibi zai tsara takardar tambayoyi da Turanci, ya gwada ta a kan abokan karatunsa, ya sami ma'aunin Cronbach, wanda ke nuna yadda tambayoyin suka dace da juna, sama da 0.7, ya rubuta cewa takardar ingantacciya ce, sannan ya miƙa ta ga mataimaka uku ko huɗu su shiga ƙauye suna fassarawa da baki nan take. Kowane mataimaki da tasa Hausar, kowane da yadda yake bayyana matakai biyar na amincewa da rashin amincewa, wani ma ya gaji ya mayar da su "e" ko "a'a". Ya kai ɗalibi, da wace hujja za ka haɗa waɗannan amsoshi a jadawali ɗaya? Takardar da ka gwada daban, wadda manomi ya ji da kunnensa daban. Ni abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne, wani ya fassara takardar zuwa Hausa a rubuce, wani dabam da bai ga ta asali ba ya mayar da ita Turanci, a kwatanta a gyara, sannan a gwada ta Hausar a kan mutane irin waɗanda za a tambaya, a wani gari da ba ya cikin binciken. Duka biyun su shiga rataye. A wuni ɗaya a zaunar da mataimaka su yi ta karanta wa juna tambayoyin har bakinsu ya zo ɗaya. Kuma a tanadi mataimaka mata, domin a gidan da ba a shiga, namiji ba zai ji ta bakin matan cikinsa ba, kuma amsar da maigida ya bayar a zaure a madadin iyalinsa tasa ce. Lokaci ma a duba shi, domin wanda ya je neman manoma da hantsi a tsakiyar damina tsofaffi da yara zai tarar.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma suna zubar da kimar aiki. Shafi uku na ma'anar bincike daga bakin masana ba su da gurbi a wannan babi. A faɗi tsarin da aka zaɓa da dalilin da ya sa ya dace da tambayoyin babi na ɗaya. A canja "za a yi" na ƙudurin bincike zuwa "an yi", kuma idan abin da aka yi ya saɓa wa abin da aka ƙudurta, a faɗi hakan. Cewa "an yi amfani da SPSS" bai bayyana komai ba, domin manhaja ce kawai. A ambaci gwajin da aka yi wa kowace tambaya. Wanda ya ce ya haɗa hanyar alƙaluma da ta hira alhali mutum biyu kawai ya zanta da su, ya janye wannan da'awa. Wanda ya ce ya raba takardu 384 kuma duka sun dawo cikakku, ya shirya amsa tambaya, gara ya faɗi nawa suka ɓata da nawa suka lalace.

Masu nazarin harshe da adabi da tarihi kada su ɗauka maganar ba ta shafe su ba. Idan an yi hira, a faɗi dalilin zaɓen wannan mutum, da wuri da rana, da yadda aka naɗi muryar aka mayar da ita rubutu, da abin da ya sa aka tsaya a wannan adadi. Idan an yi aiki a Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna ko a Arewa House, a kawo lambar kowane fayil yadda wani zai iya zuwa ya nemo shi. Neman yardar wanda za a tambaya wajibi ne, kuma a rubuta yadda aka neme ta, musamman daga wanda ba ya karatun boko. Binciken da ya shafi lafiya kuwa ba a fara shi sai da takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, a saka lambarta a babin.

Akwai abu biyu da nake tilasta wa duk wanda nake duba aikinsa. Na farko shafi guda mai layi huɗu: tambayar bincike, bayanin da zai amsa ta, wurin wanda za a samo shi, da yadda za a tantance shi, tambayar da layinta ya zauna babu komai a cire ta ko a nemo mata hanya. Na biyu ƙaramin littafi da zai riƙa rubuta abin da ya faru a fage kowace yamma, har da waɗanda suka ƙi amsawa da unguwar da aka canja da dalilin canjin. Daga wannan littafi ake rubuta babi na uku bayan an dawo, kuma nakan bukaci a kawo mini shi tare da daftarin farko.